Yadda Ake Aunawa da Sauya Bututun Fetur a Tsohuwar Motar da Aka Taɓa Injinta

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar Peugeot 504 ko Land Cruiser ya ce zai tayar da ita, hankalinsa kan inji yake tafiya, sai fenti, sai kujeru. A sauya kafireta, a ɗora famfon lantarki, wani ma ya cire injin gaba ɗaya ya sa na Toyota mai injekta. Bututun da ke ɗauko mai daga tanki kuwa a bar shi yadda kamfani ya sa shi. 504 ta fara fitowa a 1968, an kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, don haka waɗanda ke yawo tsakanin Garwa da Marwa da yawansu bututunsu ya girmi direban. Wannan abu yana damuna, domin a nan ne wuta ke tashi, kuma aikin bai fi ƙarfin mai haƙuri ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun yanzu shi ne, ƙaton bututu ba ya ƙara wa mota ƙarfi. Abin da ke ceton mota shi ne lissafin man da injin ke sha, da irin robar da aka saya, da hanyar da aka bi da bututun a ƙarƙashin mota.

Fara da sanin abin da ke ƙarƙashin bonet

Kafin ka je kasuwa, tambayi kanka: kafireta ce ko injekta? Bambancin ba ƙarami ba ne. Kafireta irin Solex ko Weber tana son mai a hankali, matsinsa bai wuce 0.2 zuwa 0.3 ba a ma'aunin matsi da ake kira "ba" (bar). In ya fi haka, allurar da ke tsayar da mai a cikinta ba za ta iya riƙewa ba, mai ya cika ya malalo kan inji. Injekta kuwa galibi tana aiki a wajen ba 3, wato ninki goma ke nan, kuma tsofaffin Mercedes da Volvo masu tsarin K-Jetronic suna kaiwa wajen ba 5. Tiyon da ya yi shekaru yana ɗaukar man kafireta lafiya, ranar da aka ɗora masa famfon injekta zai kumbura ko ya fice daga bakinsa. Yawancin injinan injekta na da kuma suna buƙatar bututu na biyu da zai mayar da ragowar mai tanki, abin da tsohuwar motarka wataƙila ba ta da shi.

Lissafin

Injin fetur da aka taka wa totur har ƙasa yana shan kusan lita 0.3 a awa kan kowane doki ɗaya na ƙarfinsa. Injin 504 mai lita biyu na kafireta bai cika dawaki 100 ba, saboda haka iyakar abin da zai sha lita 30 ne a awa, rabin lita a minti. In ka sa inji mai dawaki 150, lita 45 ke nan. Ƙara rabin abin da ka samu a kai don samun sarari, sai ka nemi layin da zai iya kawo 45 ga na farko, wajen 70 ga na biyu.

A kula da wani abu da ke rikita mutane a nan Kamaru da Cadi: adadin dawakin da ke kan kart giriz, wato takardar rajistar mota, na haraji ne, ba ƙarfin inji ba. 504 mai lita biyu 11 aka rubuta mata. Wanda ya yi lissafi da 11 ya ɓata tun daga farko. Nemi ainihin ƙarfin injin a littafinsa.

Sai girman bututu. Bututun ƙarfe ta waje ake auna shi, tiyon roba kuwa ta ciki, shi ya sa tiyo mai milimita 8 yake shiga kan bututu mai milimita 8 daidai. Amma ramin bututun bai kai 8 ba. In kaurin bangonsa 0.7 ne, ramin 6.6 ne. Na milimita 6 raminsa 4.6, na 10 kuma 8.6. In ka yi lissafin faɗin ramin, za ka ga na 8 ya ninka na 6 sau biyu, ko da yake a ido milimita biyu ce kawai tsakaninsu. Wannan ne dalilin da nake cewa kowa ya bar na 6 a matsayin babban layi, sai dai ƙaramar mota irin Renault 4 da ba a taɓa injinta ba.

Ga yadda nake zaɓa. Kafireta, daga dawaki 60 har zuwa wajen 200, milimita 8 ta wadatar. Sai inji ya doshi 250 ko ya haura, irin manyan V8, sannan a koma 10. Injekta mai silinda huɗu ko shida ta yau da kullum, 8 zuwa inji, 8 komowa. Wasu kamfanoni suna sa 6 a layin komowa, kuma yana yi musu aiki da famfonsu na asali, amma in ka ɗora babban famfo mai turo lita 200 da wani abu a awa, kusan duk man nan komawa tanki zai yi lokacin da mota ke tsaye tana silo. In hanyar komowa ta matse, matsi ya hau, inji ya dinga shan mai fiye da kima yana baƙin hayaƙi, kai kuma kana zargin injekta. Daga tanki zuwa bakin famfon lantarki kuwa, kada ya taɓa gaza girman bakin famfon, wanda a na injekta sau da yawa 10 ne ko 12.

To me zai hana a sa 10 ko 12 ko'ina a huta? A motar kafireta, man da ke cikin ƙaton bututu tafiyar hawainiya yake yi, ya daɗe yana shan zafin inji da na kwalta, kuma ƙaramin famfon jikin inji ya sha wahala kafin ya jawo shi bayan mota ta kwana biyu a ajiye. Ban da haka, layin gaba ɗaya faɗinsa bai wuce wurin da ya fi matsewa ba. Kamar hanyar Kusuri zuwa Njamena ce, komai faɗin titi a gadar Ngeli kowa ke taruwa. In bakin tanki 6 ne, ko matatar mai ƙaramar ta babur ce, bututun 10 da ke tsakani bai tsinana komai ba. Auna kowane baki: na tanki, na matata, na famfo, na kafireta.

A shagon kayan gyara

Nan ne aka fi cutar mutane, kuma sau da yawa mai shagon ma bai sani ba. Tiyo baƙi ne duka a ido. Ka ce masa, "Alhaji, juyo min shi in ga rubutun jikinsa." In babu rubutu, ajiye masa abinsa. In an rubuta SAE J30 R6 ko R7, na kafireta ne, R7 iyakar aikinsa wajen ba 3.4, ya yi kusa da matsin injekta ƙwarai, ba a saka shi can. R9 shi ne na injekta, yana ɗaukar kusan ba 7, kuma cikinsa ya fi jure man da aka gauraya. R10 shi kaɗai ake nutsawa cikin tanki, domin sauran tiyoyin, cikinsu ne kawai ke jure fetur, bayansu narkewa yake yi ya zama kamar danƙo ya toshe famfo. Na Turai kuma za ka ga DIN 73379 a jiki, sai ka duba matsin da aka rubuta tare da shi.

Ni ko a motar kafireta R9 nake ba da shawara, saboda man da muke sha. Wanda ke sayen zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga, a kwalba bakin titi bai san abin da ke ciki ba. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai methanol fiye da kima Najeriya, motoci da yawa suka lalace, kuma man da ke tsallako iyaka daga can yake. Irin wannan sinadari yana cin tsohuwar roba ta ciki, ta dinga ɓarɓashi, baƙin gari ya taru a kafireta alhali ta waje tiyon lafiya lau.

Farin tiyon nan mai haske da ake sa wa babura, da tiyon ruwa, da na tukunyar gas, babu wanda ya dace. Farin yana da daɗin kallo don ana ganin mai a ciki, amma ba ya daɗewa sai ya bushe ya yi tauri, ya saki bakinsa.

Dogon layin ƙarƙashin mota kuwa ƙarfe ya kamata ya zama, roba gajeru kawai a wuraren haɗi. Bututun ƙarfe irin na kamfani yana da kyau. Wanda ya fi shi sauƙin aiki shi ne na jan ƙarfe da aka gauraya da nikel, ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu. Zallan jan ƙarfe irin na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki shi ne ya fi samuwa a kasuwanninmu, shi ya sa ake yawan sa shi, amma girgiza tana sa shi tauri har ya tsage, galibi dab da wurin da aka ɗaure shi. A hanyoyinmu masu gargada wannan ba abin wasa ba ne.

Sayi kilif na tiyon injekta, mai zagaye cif wanda ake ɗaurewa da ɗan noti. Mai haƙoran nan da aka saba yana cizon roba, kuma a ƙaramin tiyo ba ya matsewa daidai ta kowane gefe. Waya da aka murɗe da filaya ba kilif ba ce.

Kafin a taɓa sifana

A fili za a yi aikin, a inuwa, da sassafe kafin rana ta yi zafi, inji kuma a sanyaye. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ramin gareji ya fi ko'ina haɗari. Duba kewaye: mai walda, mai shayi da murhunsa, yaron da ke kunna sigari. Ka gaya musu, ba kunya a nan. Ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da hannu, da bokitin yashi. In motar injekta ce, zare fiyus ɗin famfo, tayar da ita har ta mutu da kanta, matsin ya sauka. Sannan cire wayar batir ta ƙasa, wato mai alamar ragewa (-). Ɗaga mota a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Juye man tanki cikin jarkar ƙarfe da famfon hannu, kada ka sa yaron gareji ya zuƙa da baki, fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu illa ce babba.

Cirewa, da duba tanki

Ɗauki hoton kowane haɗi da wayarka kafin ka kwance, daga nesa kaɗan. Cire tsohon bututun a hankali ba tare da ka miƙar da shi ba, domin shi ne zai zama ma'auninka. Tsohon tiyo da ya manne, tsaga shi da reza ta tsawo, kada ka fizga, bakin kafireta da na famfo suna iya fita daga mazauninsu.

Tunda tanki ya zama fanko, buɗe shi ka leƙa da tocila. A ƙasan tankin da ya sha man kwalba shekaru za ka tarar da jan laka, tsatsa da ƙura da ɗigon ruwa, ga ragar bakin bututun ta toshe rabi. Sabon layi a kan wannan tanki ɓata kuɗi ne. A wanke shi, a sauya ragar. Duba kuma hanyar shaƙar iskarsa. In kana buɗe murfi bayan doguwar tafiya kana jin ya ja iska da ƙarfi, to ta toshe, famfo yana kokawa da tankin da ba ya numfashi. Idan akwai buƙatar ƙara bakin komowa, a fi so a huda farantin ma'aunin mai bayan an cire shi daga mota. Walda a jikin tankin fetur, ko da an ce an wanke, ta kashe mutane.

Shimfiɗa sabon layi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kada a yi gaggawa. In hanyar ba ta canza ba, ɗora sabon bututu gefen tsohon ka bi lanƙwasarsa ɗaya bayan ɗaya. In sabon injin salansarsa ta koma ɗaya gefen, wanda yakan faru sosai in an sauya inji, sai ka fitar da sabuwar hanya da waya mai tauri tukuna, ka gwada ta a jikin mota, sannan ka kwaikwaya a bututu.

Yanka da abin yankan bututu mai ɗan faifai, ba zarto ba. Kankare bakin ta ciki, ka hura iska ta fitar da ɓarɓashi. Lanƙwasa da abin lanƙwasawa ko sifirin da ake zura bututu a ciki, kwana mai faɗi. Wurin da ya karye ya lotse ya zama matsattsar gada, yanke shi za a yi. Wasu suna cika bututu da yashi don kada ya lotse. A bututun mai kada a yi, ƙwaya ɗaya ta isa ta tsayar da allurar kafireta a buɗe.

Kowane bakin da tiyo zai hau, yi masa ɗan kumburi da abin buɗa bakin bututun birki, matakin farko kawai. Tura tiyon ya wuce kumburin da kamar santimita biyu da rabi, kilif ya zauna bayan kumburin. A kan bututu sumul ba kumburi, matsin injekta zai turo tiyon waje ko da kilif biyu ka sa.

Bi cikin shasi ta gefen ciki, inda dutse ba zai doka ba, kuma kada ya zama shi ne mafi ƙasa a cikin motar. Nisanta shi da salansa aƙalla santimita 15, in wuri bai ba da dama ba a sa farantin ƙarfe tsakani da ɗan sarari ta kowane gefe. Ɗaure shi kowane santimita 30 zuwa 40 da maɗauri mai roba a ciki. Duk inda zai ratsa ƙarfe a sa zoben roba. Kada ya bi ta cikin ɗakin fasinja, kada a ɗaure shi tare da wayar batir, kada ya goga da bututun birki. Tsakanin jikin mota da inji dole a sa tiyo mai ɗan sassauci, domin inji yana rawa a kan kujerunsa. Kama injin ka girgiza ka gani ko tiyon yana miƙewa.

Zafi

A Garwa, Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, sassan fetur masu sauƙi kuwa tun wajen digiri 35 zuwa 40 suke fara zama tururi. A ɓangaren da famfo ke tsotsa abin ya fi sauri, saboda matsi ya ragu. Alamarsa kowa ya sani: ka tsaya sallar azahar, ka dawo mota ta ƙi tashi, ko ta tashi ta yi 'yar tafiya ta shaƙe, sai an jiƙa tsumma an ɗora wa famfo. Tsumman yana aiki, amma maganin na dindindin a shimfiɗar layi yake.

Famfon lantarki turawa ya iya, bai iya tsotsa ba. Sa shi kusa da tanki, ƙasa da matakin mai, sai man da ke dogon layin ya zama cikin matsi, tururi ya kasa samun wuri. Wanda ya ɗaura shi a ɗakin inji ya ba shi aikin da ba nasa ba. Tsakaninsa da tanki a sa matata mai manyan ƙofofi, wajen maikuron 100 (maikuron shi ne ma'aunin girman ƙofofin matata), tsakaninsa da inji kuma mai laushi, 10 ga injekta, 30 zuwa 40 ga kafireta. In aka juya su, mai laushin ta shaƙe famfo ya dinga kuka har ya ƙone. A motar kafireta, matata mai baki uku tana taimakawa ƙwarai: bakin na uku ƙaramin rami ne, ana juya shi sama, ya mayar da tururi da ɗan mai tanki ta bututun milimita 6, sai man ya dinga zagayawa bai tsaya ya dahu ba.

Wayarin famfon ya bi ta rile da fiyus, kuma a haɗa shi yadda zai mutu in inji ya mutu, ko ta makunnin matsin baƙin mai ko ta makunnin da ke yankewa in an yi karo. Famfon da aka haɗa kai tsaye da makulli zai ci gaba da feso mai bayan haɗari. Wanda ya koma injekta da tankin kafireta kuma ya sani tankin ba shi da shinge a ciki, in mai ya yi ƙasa aka sha kwana famfo zai ja iska. Ƙaramin tankin taro mai lita ɗaya ko biyu tsakanin tankin da famfon injekta yana magance wannan.

Masu sa injin gas, wato dizal, irin Indenor na Peugeot, girman 8 ya yi musu, sai dai su guji jan ƙarfe da ƙarfe mai rufin zinki, kuma damuwarsu iska ce da ke shiga ta haɗin da bai matse ba.

Gwaji

Zuba mai kaɗan, mayar da batir, murɗa makulli ba tare da tayarwa ba in famfon lantarki ne. Bi kowane haɗi da farar takarda, ido ba ya ganin ɗan tsatsafar da takarda ke nunawa. Daga nan auna gudu: cire tiyo a bakin kafireta, ko a layin komowa in injekta ce, sa shi a kwalbar da ka san girmanta, bar famfo ya yi daƙiƙa 30, mutum ɗaya riƙe da tukunyar gobara. In famfon jikin inji ne, cire wayar kwail ta ƙaramin lantarki kafin a buga sitata, ka sani kuma a gudun sitata zai kawo ƙasa da abin da yake kawowa in inji na aiki. Rabin lita a daƙiƙa 30 lita 60 ce a awa, ta ishi inji mai dawaki 130 har da sarari. In abin ya gaza lissafinka, koma ka nemi inda ya matse kafin ka zargi famfo. Sa agogon matsi kuma ka tabbatar yana inda ya kamata.

Tayar da ita ta yi zafi sosai, kashe, sake bi da takarda, ƙara matse kilif kaɗan domin sabuwar roba tana kwanciya. Gwajin gaske a hawa ne da kaya. Mai hanyar Ngaundare yana da hawan falez, wato dogon hawan dutsen da ke kan hanyar, daga Garwa da ba ta kai mita 300 ba zuwa tudun da ya haura 1,000, inji a buɗe na tsawon lokaci ga iska ta yi sauƙi. In ta haye ba ta yi tari ba, layin ya isa. In ta fara ja da baya a tsakiyar hawa, ka sassauta ƙafa ta farfaɗo, mai ne bai isa ba, koma kan ragar tanki da matata.

Bayan mako guda sake shiga ƙarƙashi ka nemi inda bututu ya fara sheƙi, alamar yana goga da wani abu ke nan. Rubuta watan da shekarar da ka sa tiyon a littafin mota, kuma duk lokacin juyen baƙin mai ka lanƙwasa shi da yatsu kusa da kilif. In ka ga 'yan tsage-tsage ko ya yi tauri, sauya shi a ranar.